Wanda nake bi bashi yana Anaca: zan iya kai shi kotu a Kano?

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau ya aiko da wannan tambaya: "Na loda wa wani abokin cinikina tirela biyu ta wake zuwa Anaca. Ya biya rabi, saura naira miliyan 14, yau wata bakwai ke nan, kuma ya daina ɗaukar wayata. Wasu sun ce in kai shi kotu a nan Kano, wasu sun ce kotun Kano ba ta da iko da mutumin da ke zaune a jihar Anambara. Wanne ne gaskiya? In kuma na kai ƙarar, yaya za a yi sammaci ya same shi?"

Alhaji, Allah ya fito maka da haƙƙinka. Waɗanda suka ba ka shawara kowannensu ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, sai dai sun cakuɗa abu biyu da doka ta raba. Na farko shi ne ko kotun Kano tana da hurumin sauraron wannan magana. Na biyu shi ne yadda takardar kotun za ta tsallaka iyakar jiha ta isa hannun mutumin ta hanyar da doka ta yarda da ita. Ana iya samun na farko a ɓata na biyu, kuma duk wanda aka ɓata a cikinsu, hukuncin da ka samu zai rushe ko da gaskiyarka ta fi rana fitowa. Na ga hakan da idona, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Mu fara da hurumi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowace jiha Babbar Kotunta a sashe na 270, kuma ikon wannan kotu yana tsayawa ne a inda iyakar jihar ta tsaya. Alƙalin Kano ba ya shari'ar abin da ya faru a Anambara daga farkonsa har ƙarshensa. Kotun Ƙoli ta sha nanata wannan, kuma misalan da suka fi shahara ma daga nan Arewa suke. A 2003, a shari'ar Dalhatu da Turaki, rikicin takarar gwamnan Jigawa ne a jam'iyyar ANPP aka ɗauka aka kai Babbar Kotun Abuja, Kotun Ƙoli ta ce Abuja ba ta da hurumi a kan maganar Jigawa. Haka aka maimaita a shari'ar Mailantarki da Tongo, rikicin zaɓen fid da gwani na Gombe da shi ma aka kai Abuja, inda alƙalai suka yi tir da ɗabi'ar yawo da ƙara ana neman kotun da za ta fi daɗi. A 2007 kuma, a shari'ar Dairo da bankin Union, an yi zargin ɓata suna a jihar Ogun aka kai ƙara Legas, bayan shekaru ana fafatawa aka ce kotun Legas tun farko ba wurinta ba ne. To ka ga masu ce maka kotun Kano ba ta da iko da kowa da kowa ba ƙarya suka yi ba.

Inda suka kuskure shi ne zaton da suka yi cewa mazaunin wanda ake ƙara shi kaɗai ake dubawa. A shari'ar ciniki kotu tana duba inda aka ƙulla cinikin, da inda ya kamata a cika alkawarin, da inda aka saɓa shi, sannan da inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake kasuwanci. Ɗaya daga cikin waɗannan in ya faɗo cikin Kano, ƙofa ta buɗe. Kai kuma, in na fahimci bayaninka, kana da fiye da ɗaya. Waken a Dawanau aka auna shi, a nan aka ɗinke buhuna, a nan aka yi lodi. In direban da ya ɗauka nasa ne ko shi ya biya kuɗin mota, to a Kano ka miƙa masa kaya, ba a Anaca ba. Sannan akwai tsohuwar ƙa'ida da kotunanmu suke aiki da ita: in ba a ambaci wurin biya ba, wanda ake bi bashi shi zai nemi mai binsa ya biya shi inda yake. Kai a Kano kake, asusun da ya tura rabin kuɗin na reshen banki ne a Kano. Saboda haka rashin biyan, wanda shi ne ainihin saɓa alkawarin, a Kano ya auku.

Nan ne takardun da 'yan kasuwa suke rainawa suke zama zinariya. Ka nemo takardar lodi mai lambar mota da sunan direba, da littafin da yaronka yake rubuta buhu nawa aka fitar da rana kaza, da bayanin asusunka daga banki mai nuna ranar da rabin kuɗin ya shigo da sunan wanda ya turo. Kada ka goge hirarku ta WhatsApp, kada ka sayar da wayar, musamman in akwai saƙon murya inda yake cewa ka yi haƙuri zai cika maka. Wannan amsa bashi ne da bakinsa. In kuwa akwai wata takardar yarjejeniya da kuka sa wa hannu, ka karanta ƙasanta da kyau. Manyan kamfanoni sukan saka layi ɗaya cewa duk rigimar da ta taso kotun jiha kaza ce za ta saurara, kuma galibi kotu takan riƙe mutum a kan abin da ya sa wa hannu.

Da a ce rigimar fili ce ko gida, da duk wannan bayani bai taso ba, domin shari'ar ƙasa ana yin ta ne a jihar da ƙasar take. Kuma ka sani, Babbar Kotun wata jiha ba ta tura fayil zuwa ta wata jihar. In ta ga ba ta da hurumi korar ƙarar take yi, ka koma ka fara daga tushe, kuɗin da ka kashe ya tafi, lokaci kuma yana ci. Bashin ciniki yana da wa'adin da in ya wuce ba a sauraronsa, shekara 6 a wasu jihohi, 5 a wasu.

Sai maganar sammaci, kuma a nan ne na fi so ka buɗe kunne, don a nan ake yawan faɗuwa.

Akwai dokar tarayya mai suna Sheriffs and Civil Process Act, wadda ita ta tsara yadda takardar kotun wata jiha take aiki a wata jihar. Sashe na 96 ya ce sammacin da ya fito daga kotun wata jiha ana iya isar da shi a kowace jiha ta Najeriya ko Abuja. Wato babu shingen da ya hana takardar Kano shiga Anaca. Amma dokar ta gindaya sharuɗɗa. Sashe na 97 ya ce dole a rubuta a jikin sammacin kansa cewa wannan sammaci za a isar da shi ne a wajen jihar Kano, a cikin jihar Anambara. Layi ɗaya ne tak, bai kai kalma talatin ba. Sashe na 99 kuma ya ce wa'adin da za a ba mutumin ya bayyana kada ya gaza kwana 30 daga ranar da takardar ta shiga hannunsa, ko da wa'adin da ake ba mazaunin Kano bai kai haka ba. In waɗanda kake ƙara biyu ne, ɗaya a Kano ɗaya a Anaca, misali ka haɗa da dillalin da ya tsaya masa, sashe na 98 ya ba da dama a fitar da tagwayen sammaci, a rubuta a jikin na wajen cewa abokin tafiyar na cikin gida ne.

Wata rana wani dattijo mai sayar da albasa ya shigo ofishina da fayil a cikin leda, ya ajiye a kan tebur da hannu biyu kamar mai ajiye jariri. Ya yi shekara biyu yana shari'a da wani da ke kudu, mutumin bai taɓa zuwa ba, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Da aka je kwashe kayan shagonsa sai ga lauyansa da takardar neman a soke komai. Na zaro sammacin farko, na duba gabansa, na juya bayansa, na ɗaga shi sama ko an buga wani hatimi da ya dusashe. Layin nan babu shi. Wa'adin da aka rubuta kuma kwana takwas ne. Dattijon yana kallon fuskata yana jiran in ce akwai dabara, ni kuwa na san babu. Aka soke hukuncin, kuma kafin mu sake shigar da ƙara yadda ya kamata mutumin ya tashi daga shagon, ba a san inda ya koma ba. Har yau in na tuna yadda ya naɗe ledarsa ya yi mini godiya ya fita, raina yakan sosu. Bashinsa gaskiya ne, ba wanda ya taɓa musanta shi.

Kotun Ƙoli ta daɗe tana kai da kawo a kan nauyin wannan kuskure. A 1981, a shari'ar Skenconsult da Ukey, ta ce isar da sammaci shi ne ginshiƙin shari'a, inda aka saɓa wa dokar duk abin da aka gina a kai ya rushe. Bayan hukunce-hukuncen da suka yi kamar suna karo da juna, sai a 1997, a shari'ar kamfanin Odu'a Investment da Talabi, ta daidaita maganar: rashin layin nan ko gajarta wa'adi ba ya kashe sammaci da kansa, amma yana ba wanda ake ƙara dama ya nemi a soke shi, matuƙar ya yi hakan da wuri kafin ya tsunduma cikin shari'ar. In ya zo ya shigar da martaninsa ya ci gaba da kare kansa, ya yafe haƙƙin, ba zai dawo daga baya ya ce ba a kira shi daidai ba. To amma dubi halin da kake ciki. Mutumin da ya daina ɗaukar waya ba zai zo ya yafe maka komai ba. Zai yi zuru ne, ya bar ka ka gama wahala, ranar da ka zo karɓar kuɗi ya fito da makaminsa. Don haka kada lauyanka ya dogara da cewa ai kuskuren mai gyaruwa ne.

Akwai kuma batun neman iznin alƙali kafin a fitar da sammacin da zai fita jiha. A 1988, a shari'ar Nwabueze da Okoye, rashin wannan izni ya jawo aka soke sammaci. Tun daga lokacin jihohi da dama sun sabunta ƙa'idojin kotunansu, wasu sun bar sharaɗin, wasu sun mai da shi na takardar da za ta fita Najeriya kawai. Ra'ayina a nan ba ya sauyawa: a nemi iznin. Buƙata ce da ake gabatarwa ba tare da an kira ɗaya ɓangaren ba, alƙali yakan saurare ta cikin mintuna. Asarar mako biyu a farko ta fi asarar shekara uku a ƙarshe sauƙi.

Wani zai iya ce maka ka kai Babbar Kotun Tarayya tunda ita ƙasa duka hurumin ta ne. Gaskiya ne kotu ɗaya ce mai rassa, har ma an yi ta muhawara ko layin sashe na 97 ya shafe ta: a 2008 a shari'ar jirgin ruwan MV Arabella aka ce ya shafe ta, a 2019 a shari'ar Biem da jam'iyyar SDP aka ce bai shafe ta ba. Amma wannan ba damuwarka ba ce, domin bashin ciniki tsakanin 'yan kasuwa biyu ba ya cikin abubuwan da sashe na 251 na kundin tsarin mulki ya ba ta.

Yadda takardar take tafiya a aikace kuwa, ma'aikacin kotu mai kai sammaci, wanda ake ce wa belif, shi ne zai kai, ko na Kano ya yi tattaki, ko a aika wa rajistaran kotun Anaca ya ba nasu. Ni na fi son a haɗa shi da wanda ya san mutumin ido da ido, yaronka ko direban da ya sauke kayan. Kasuwar Anaca ba wurin da baƙo zai shiga yana tambayar wane ba ne, kafin ya kai layi na biyu labari ya riga shi, mai shago ya zama yaron shago. Sammacin farko a hannun mutum ake ba shi. In ya ƙi karɓa, belif ya gaya masa abin da takardar ta ƙunsa ya ajiye ta a gabansa, ya isar. Bai isar ba in ya ba maƙwabcinsa, ko ya jefa ta ƙarƙashin ƙofa, ko kai da kanka ka ɗauki hotonta ka tura masa ta waya. Daga nan belif zai yi takardar rantsuwa mai ɗauke da rana da lokaci da wuri da yadda ya gane mutumin. Ka roƙi lauyanka ya karanta ta kafin a saka a fayil. A shari'ar Mark da Eke ta 2004 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wannan rantsuwa ba yankan wuƙa ba ce, in wanda ake ƙara ya musanta da tasa rantsuwar sai an kira shaidu an tantance. Ina kuma yi maka nasiha tsakani da Allah: in wani ya ce ka kawo wani abu a rubuta an kai alhali ba a je ba, ka guje shi. Zalunci ne, kuma kai zai fara cutarwa.

In an je sau biyu sau uku ba a same shi ba, sai a koma wa alƙali da rantsuwar cewa an yi ƙoƙari, a nemi izni a isar ta wata hanya: a liƙa a ƙofar shagonsa ko gidansa na ƙarshe da aka sani, a ba wani babba a gidan, ko a buga a jarida. Kotuna yanzu suna yarda da imel da WhatsApp, amma sai alƙali ya ba da umarnin haka tukuna, kuma yadda umarnin ya faɗa haka za a bi, ba ƙari ba ragi. Ka kuma tantance da wa ka yi ciniki, da mutumin ne ko da kamfaninsa mai rajista. In kamfani ne, sunan kamfanin za a rubuta daidai harafi da harafi, a kai takarda ofishinsa ko a ba darakta ko sakatarensa kamar yadda ƙa'idar kotu ta tsara.

In kwana 30 sun cika bai zo ba, ba a nan take za a ba ka hukunci ba. Sashe na 101 na dokar Sheriffs and Civil Process Act ya ce sai ka gamsar da alƙali cewa maganar tana da alaƙa ta gaske da jiharsa, kamar an ƙulla cinikin a nan ko a nan aka saɓa shi, kuma takarda ta isa ga mutumin ko an yi iya ƙoƙari. Ka ga takardar lodi da bayanin banki sun sake dawowa.

Na san wannan tsanani yana ɓata wa mai gaskiya rai. Amma ka juya al'amarin. A ce gobe wani a Fatakwal ya ce wakenka ya zo da ƙwari, ya kai ka ƙara can, aka rubuta an ba ka sammaci alhali kana Dawanau ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba, sai dai ka wayi gari an rufe asusunka. Layin nan da kwana 30 ɗin nan su ne garkuwarka a ranar. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da cewa, a mashahurin zance, ana yin shari'a ne inda wanda ake ƙara yake, sun yi babi guda a kan wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali, sun kuma hana yanke hukunci sai an yi wa mutum i'izari, an tambaye shi ko yana da sauran hujja. In kuwa kai ne irin wannan takarda ta samu daga wata jiha, kada ka jefa ta a aljihun mota. Ka kai wa lauya a ranar, ya shigar da bayyana bisa sharaɗi, wato ya amsa kiran kotun ba tare da ya amince da huruminta ba, ya ƙalubalanci hurumi ko sammacin kafin ya ce uffan a kan ainihin maganar.

Hukuncin Kano yana aiki a Anambara. Sashe na 104 da na 105 na dokar nan sun tsara hanyar: ka karɓi takardar shaidar hukunci daga rajistaran kotun da ta yanke, ka kai kotu mai daraja irin tata a can a yi mata rajista, daga nan ta zama kamar hukuncinsu, belif ɗinsu ya kama kaya a yi gwanjo. Ana farawa da kayan da ake iya ɗauka, ba a taɓa gida ko fili sai da iznin Babbar Kotu. Hanyar da ta fi sauri a yau ita ce ta banki: kotu ta umarci bankin da yake ajiya ya zo ya faɗi dalilin da ba zai biya ka daga kuɗin mutumin ba, a ba bankin da shi kansa takarda aƙalla kwana 14 kafin zama. Asusun da ya turo maka rabin kuɗin da shi, ka riga ka san bankinsa.

Duk da haka, kafin ka zaɓi Kano, ku zauna da lauyanka ku yi lissafi. Shari'a a gida tana da sauƙin shaidu da sauƙin zirga-zirga, amma ka sa a ranka lauyansa zai fara da ƙalubalantar hurumi, kuma wannan kaɗai yana iya tafiya har Kotun Ɗaukaka Ƙara. In ka bi shi Anaca, wannan makami ya faɗi daga hannunsa, ba layin sashe na 97, ba rajistar hukunci, kuma kayansa suna kusa da kotun. A naka lamarin, da yake lodi da biya duk a Kano suke kuma adadin kuɗin sananne ne, ni Kano zan shigar, ta hanyar gaggawa da kotu ta tanada don bashin da ba shi da wata kariya, inda ake haɗa hujjoji da rantsuwa tun ranar farko. Da a ce kai ka kai masa kayan da motarka kuma a can kuka yi za a biya, da Anaca zan ce.

Abu ɗaya da nake roƙonka kada ka yi: kada ka biya 'yan sanda su je su ɗauko maka shi. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Waɗanda suka bi wannan hanya sau da yawa sukan ƙare ne ana ƙararsu a kan tauye haƙƙin ɗan Adam, a can jihar mutumin, a ci su tarar da za ta cinye wani kaso na bashin. Kafin komai, lauyanka ya rubuta masa takardar neman biya mai wa'adin mako biyu, a aika ta kamfanin kai saƙo da zai kawo shaidar karɓa, a kuma ba shugabannin ƙungiyar kasuwarsu kwafi ta hannun shugabanninku na Dawanau. In ya amsa yana neman a ɗaga masa ƙafa, ka karɓa a rubuce da sa hannunsa, a saka ranakun biya, a kuma rubuta ƙarara cewa a Kano za a biya, kuma kotun Kano ce za ta saurari duk abin da ya biyo baya.